Rigunan zafi da wandunan da na saya a kasuwar Wuse, bayan wata takwas ina sawa

Tun watan Fabrairun 2025 naso inyi wannan rubutun amma nace a'a, bari sai kayan sun sha wanki sun ga rana sun ga damina tukunna, domin riga tana cikin leda kowacce kyau gareta, sai an kai wanki na biyar ko na goma ake gane ta gaske. Toh yanzu wata takwas kenan ina sawa, kuma ina ganin zan iya faɗin abinda na gani ba tare da na zalunci mai shagon ba ko na yaudari wanda zai karanta.

A Karu nake zaune, aikina kuma yana Garki wajen Area 11, kuma a wurin namu daga Litinin zuwa Alhamis shat da wando ake sawa, sai Juma'a mutum ya saka manyan kaya. Duk wanda yake bin hanyar Nyanya da safe yasan me nake nufi idan nace zafi, motar hayar da ake cewa alon mutum huɗu a baya biyu a gaba, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga gosulo tun daga gangaren Kugbo har ka kusa shataletalen AYA, ga hayaƙin manyan motoci, kuma a watan Maris zafin Abuja da rana yakan haura digiri 35, wanda yafi muni shine ƙarshen Maris zuwa Afrilu lokacin da hadari ya fara haɗowa ruwan bai sauka ba, iskar tayi nauyi gumi yaƙi bushewa a jiki. Bara waccan nayi kuskuren siyan riguna uku a hannun wani mai talla a intanet, a hoto sunyi kyau, da suka iso kuma ba nauyi ko kaɗan, santsi kamar me, nace shikenan na samu maganin zafi. Wallahi sati biyu ban cika ba ƙurajen zafi suka feso min a baya da wuya, rigar tana mannewa a jiki kamar an liƙa leda, kuma ko an wanke ta da ka sake sawa awa biyu warin hammata ya dawo. Ashe zallar roba ce, foliyesta. Daga nan na gane rashin nauyi daban shan iska daban, leda ma ai bata da nauyi.

Wani abokin aikina ne ɗan Malumfashi ya kwatanta min shagon, yana cikin kasuwar Wuse a layin masu kayan maza. Bazan kama suna ba saboda ba talla aka biya ni ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa da basu yi min daɗi ba. Shagon ƙarami ne, mutum huɗu in suka shiga ya cika, mai shi dattijo ne mutumin Kano wanda yace min ya daɗe a Kantin Kwari kafin ya dawo Abuja, sai yaronsa ɗaya. Ranar Asabar naje ana saura kwana kaɗan a fara azumi, kun tuna azumin 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauka, wato tsakiyar zafin.

Abinda ya fara burge ni da Alhajin shine tambayar da yayi min kafin ya ciro ko riga ɗaya. Yace, "Malam, a mota kake wuni ko a ofis mai AC? Kuma wa yake maka wanki?" Nace Alhaji meye haɗin wanki da ciniki, yayi dariya yace ai rabin kayan da ake dawo masa dasu ana cewa ba kyau, mai wanki ne ya kashe su. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, daga baya na gane gaskiya ya faɗa, zan zo kanta.

Da na bashi labarin rigunan robar nan sai ya ɗauko wata riga ya juya cikinta, ya zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki, ya kunna laita ya ƙona a gabana. Zaren ya ci wuta da sauri, ƙaurin kamar na takarda, tokar kuma da ya murza ta a yatsa ta zama gari. Sai ya aiki yaron ya ɗauko wata daga cikin masu araha da suke rataye a ƙofa, ita ma ya zaro ya ƙona, wannan kuwa narkewa tayi ta dunƙule baƙi ƙirin da tauri, ga warin leda. Yace kaga bambancin auduga ko linin da roba kenan, duk wanda zai sayar maka da riga yace koton ce zalla, kace ya baka zare ɗaya. Gaskiya wannan abin ya sa na saki jiki dashi, domin ɗan kasuwan da zai tona asirin kayan da shi kansa yake sayarwa ba ko'ina ake samunsa ba. Bai ɓoye min cewa yana sayar da na robar ba, yace akwai masu siya saboda arha da kuma basa buƙatar guga, amma ba nasu bane wanda yake shiga rana. Abu ɗaya da zan ƙara daga nawa binciken, akwai yadin da ake kira biskos ko reyon, shima ƙaurin takarda yake idan an ƙona domin daga itace ake sarrafa shi, yana da sanyi a jiki amma baya jure wanki, idan ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake. Saboda haka gwajin wuta roba kawai yake tonawa, sauran sai ka haɗa da duba lebul da taɓawa.

Sauran gwajin da ya nuna min masu sauƙi ne. Ka ɗaga rigar sama wajen haske kaga ko akwai ƴan ƙofofi tsakanin saƙar, ka ɗora ta a baki ka hura kaji ko iskar ta taɓa tafin hannunka ta ɗaya gefen, sannan ka damƙe yadin a hannu ka saki. Linin na gaske yamutsewa yake nan take layin ya fito raɗau, wanda ka damƙa ya miƙe kamar ba'a taɓa shi ba toh akwai roba a ciki ko da lebul ɗin yace ɗari bisa ɗari. Mutane suna dogara da ƴan ƙulle-ƙullen zaren nan da ake gani a jikin linin, amma yanzu masu kwaikwayo sun iya saka su a yadin roba ma, kada wannan ya ruɗe ka.

Abinda na saya: riguna huɗu da wando biyu. Biyu daga cikin rigunan haɗin linin da auduga ne, lebul ɗin yace kashi 55 linin 45 auduga, ɗaya ruwan madara ɗaya shuɗi mai duhu, yace dubu 25 kowacce muka daidaita a dubu 18. Sai ɗaya zallar linin fara mai dogon hannu dubu 27, sai ɗaya ta auduga mara kauri kalar sararin samaniya dubu 14. Wandunan dubu 20 kowanne, ɗaya na auduga kalar kaki, ɗaya kuma mai tazuge ruwan toka wanda aka ce linin ne. Wannan farashin lokacin ne fa, kun san yadda kaya suke bin dala.

Bari in fara da waɗanda suka fi min, wato masu haɗin linin da audugar nan. Wallahi in da zan koma baya da su kaɗai zan saya guda huɗu. Ranar farko da na saka ruwan madarar na shiga gosulon Nyanya da bakin azumi, nayi gumi kam, babu rigar da zata hana ka gumi a Abuja, amma bambancin shine rigar bata manne min a baya ba, kuma daga inda na sauka zuwa ofis tafiyar minti goma ce a ƙafa, kafin in isa bayan ya kusa bushewa. Dalilin kuwa zaren linin yana da ɗan tauri, baya kwanciya a fata, sai ya bar fili tsakanin jiki da riga iska tana zagayawa, yana tsotse gumi kuma yana sakin sa da wuri. Ita auduga tana tsotsewa sosai amma tana riƙewa, shi yasa singiletin auduga yake daɗewa a jiƙe. Da aka haɗa su sai audugar ta rage yamutsewar, linin ɗin ya kawo sanyin. Bayan wata takwas, ina sa kowacce aƙalla sau ɗaya a sati, ɗinkin bai motsa ba, kwalar bata lanƙwashe ba, kuma yadin ƙara laushi yake. Shuɗiyar ta ɗan koɗe a kafaɗa amma wannan laifin shanya ne.

Zallar linin ɗin tafi kowacce sanyi, wannan babu gardama, ranar da aka ɗauke wuta a ofis ita nake fatan ace na saka. Amma yamutsewarta sai mai haƙuri. Ka goge ta tas da safe, kana zama a mota ka ɗaura bel shikenan, kafin ka sauka gaban da gwiwar hannu duk sunyi layi-layi. Haka halittar zaren take, bashi da talewa, in ya lanƙwashe baya komawa da kansa. Shukar da ake cire shi sunanta filaks, daga karan shukar ake samun zaren ba daga jikin iri ba kamar auduga, kuma Faransa ce kan gaba wajen noma ta don zare a duniya, ana kuma noma ta a Beljiyam da Holan, da yawa a kai Chana a kaɗa a saƙa, shi yasa kuɗinsa baya sauka. Mutanen Masar na da can da shi suke naɗe gawarwakin sarakunansu, kaga kuwa ba yau ƙasashen zafi suka san shi ba. Matsalar a nan wajenmu mutane basu saba ba, mu mutanen shadda da sitaci ne, kaya su tsaya ƙyam suna ƙyalli, sai ka shiga taro da linin wani ya ja ka gefe a hankali yace ko babu wuta a unguwarku ne. An yi min haka sau biyu kuma da kyakkyawar niyya. Don haka yanzu ranar da nasan akwai ganawa da manya bana sa ta, na barta ta fita ta yamma da ƙarshen mako. Sannan farar tana nuna jiki, dole sai da singileti a ciki.

Ta audugar kalar sararin samaniya ba laifi, ta yi daidai kuɗinta, amma kalar ce matsala. Ita da ruwan toka babu abinda yake tallan gumi kamarsu, da ka ɗan jiƙe taswira zata fito a baya da hammata kowa yana gani. Fari da ruwan madara basa nunawa sosai, shuɗi mai duhu da baƙi ma suna ɓoyewa sai dai suna jan zafin rana kuma in gumin ya bushe gishirin yana barin farin layi. Mai zane-zane ko ƴan layuka yafi kowanne rufa asiri. Alhajin bai faɗa min wannan ba kuma naso ace ya faɗa tunda yaji irin zirga-zirgar da nake.

Yanzu wanduna, a nan ne raina ya ɓaci. Na kakin lafiya lau, auduga ce mai matsakaicin kauri, kuma na gane wando baya son yadi shara-shara kamar riga. Masu harkar yadi suna auna nauyi da giram a murabba'in mita ɗaya, rigar zafi takan kama 120 zuwa 150, wando kuwa gara ya kai 200 ko sama da haka, in ba haka ba gwiwa zata yi buhu kuma rana tana haska ka ana ganin inuwar ƙafa da gajeren wando. Amma mai tazugen nan da aka ce linin ne, sati uku kacal ɗinkin hantsar ya ɓalle, kuma a masallaci ina tasowa daga sujada. Da na juya cikinsa naga ɗinki layi ɗaya ne tak, wibin ɗin ma sama-sama, bakin yadin da aka bari bai kai faɗin farce ba, shi kuwa linin zarensa zamewa yake in ba'a kama bakinsa da kyau ba. Abu na biyu shafin aljihun roba ne, wato wandon yana shan iska ko'ina amma daidai cinya inda aljihu yake sai kaji kamar ka ɗora leda, ga waya a ciki tana ƙara zafi. Wannan ban lura dashi a shago ba domin ban juya wandon ba, shi kuma yaron shagon da ya ɗauko min yana ta cewa "yallaɓai wannan orijinal ne ba sai ka duba ba."

Na koma da wandon. Alhajin bai musa ba, ya duba yace wannan aikin kamfanin ne basu kyauta ba, amma yace baya karɓar kayan da aka riga aka wanke. Abinda yayi shine ya kira wani tela a bayan layinsu ya sake bin hantsar da ɗinki biyu, shi ya biya. Canza shafin aljihu zuwa auduga kuwa ni na biya dubu 2. Naji daɗin gyaran amma gaskiya wandon dubu 20 bai kamata ya kai ni wajen tela a sati uku ba, kuma tunda yana iya ƙona zare don ya nuna min gaskiyar riga, ya kamata yana juya cikin wando ma kafin ya sara. Tun bayan gyaran dai bai sake buɗewa ba.

Wani abin da bai min ba shine babu wurin gwaji, sai dai a kara maka a jiki ko a auna da tef. Kuma saiz ɗin lebul ba abin yarda bane, ni L nake sawa amma a cikin rigunan nan akwai wadda XL ce tayi min daidai akwai wadda sai XXL, ya danganta da ƙasar da aka ɗinko ta. Shawarata ka tafi da rigarka da wandonka da suke maka daɗi a jaka, a shimfiɗa a ɗora a kai, kafaɗa da ƙirji da tsawo. Kuma ka ƙara ɗan fili, domin auduga da linin suna ɗan tsukewa a wankin farko, sannan kayan zafi in suka kama jiki amfaninsu ya tafi, iskar ta ina zata bi. Irin matsattsun nan da samari suke yayi a watan Maris azaba ce kawai. Mu da muke sallah sau biyar akwai ƙarin abin dubawa: rigar ta sauko yadda in kayi ruku'u bayanka bazai buɗe ba, hannun ya naɗu har sama da gwiwar hannu ba wahala saboda alwala, wandon kuma ka tsuguna dashi ko ka gwada zaman tahiya kaji ko cinya da hantsa suna ja. In baza'a barka ka gwada ba ka auna faɗin cinyar da na gida. Maɓallan rigunan ma duk sako-sako suke, maman yara ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya da zare da allura tun ranar farko, in ba haka ba da tuni sun zube.

Toh maganar wanki da Alhajin ya fara da ita. Ina da mai wanki da guga da muka shekara huɗu tare, mutumin kirki ne, shadda da yadi in ya goge maka sai ka ɗauka sababbi ne. Na bashi farar linin ɗin nan da shuɗiyar ba tare da nayi masa bayani ba, ya yi musu irin aikin da ya saba: ya jiƙa a omo tun dare, ya dirje kwala da buroshi, farar ya saka mata bilic, ya tsoma su a sitaci mai kauri, ya shanya a tsakiyar rana, sannan ya danne da dutsen guga na gawayi. Da aka kawo rigunan suna tsaye da kansu, na saka shuɗiyar naji kamar kwali, iskar da nake jin tana shiga babu ita, sitacin ya toshe ƙofofin saƙar gaba ɗaya, kuma da gumi ya taɓa shi sai ya koma danƙo a wuya. Kafaɗar ta koɗe daga shanya ɗaya, bakin kwalar farar ya fara tashin gashi saboda buroshi, ga wata ƴar huda ƙarama a gefen aljihu inda tartsatsin gawayi ya faɗa. Banyi masa faɗa ba domin ni ne ban faɗa masa ba, nace Malam daga yau waɗannan a bar min su a gida, manyan kaya kuma naka ne.

Yadda muke yi yanzu ba wani wahala. Ruwan sanyi a bokiti, omo kaɗan ko sabulun wanki, a juya rigar ciki waje, a jiƙa kamar minti goma sha biyar ba kwana ba, a cuɗa da hannu a hankali, kwala da hammata a shafa sabulu a murza da yatsu. A ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare domin ragowar omo yana sa yadi tauri da ƙaiƙayi in anyi gumi. Kada a murɗe wajen matsewa, a dunƙule a danna ruwan ya fita, a girgiza da ƙarfi sau biyu uku, a rataye a hanga a inuwa. Linin baya daɗewa, ko a inuwar ma a zafin Abuja nan da nan ya sha iska. Guga kuma tun da sauran danshi, wannan shine sirrin, in ya bushe ƙayau sai ka yayyafa ruwa ka naɗe na ɗan lokaci, in ba haka ba zaka ta dannawa layin yana nan. Masu duhu ta ciki ake goge su don kar suyi ƙyallin nan na tsufa. Da yake wuta ba kullum ba, ranar Lahadi in an kawo nake goge na sati gaba ɗaya, na kuma daina amfani da hangar waya siririyar nan saboda tana fitar da ƙaho a kafaɗa, in tayi tsatsa kuma ta ɓata riga.

Maganar bilic ina so in ɗan tsaya a kanta saboda mutane da yawa suna ganin shine maganin rawayar hammata, alhali ƙara ta yake. Rawayar nan haɗuwar gumi ce da sinadarin alminiyom da yake cikin yawancin rol-on masu hana zufa, bilic kuma in ya haɗu da ita sai ta ƙara fitowa, sannan yana cin zaren a hankali har wurin ya yage. In kuma ruwan unguwarku na bohol ne mai ƙarfe-ƙarfe, irin wanda yake barin ja a gindin bokiti, toh bilic da wannan ruwan farar riga zata koma ruwan ƙasa-ƙasa. Abinda ya yi min aiki shine bekin soda a dama da ruwa kaɗan a shafa a wurin a barshi rabin awa kafin wanki, wani lokacin ruwan khal a ruwan ɗauraya. Kuma in ka shafa rol-on ka bari ya bushe kafin ka saka riga, sannan kada rigar da akayi gumi a ciki ta kwana uku a kwandon wanki, in bazaka wanke a ranar ba ka rataye ta ta sha iska.

Da damina ta kankama wajen Agusta wata matsalar ta fito, fumfuna. Wandon kakin na ajiye shi a wadrob da ɗan danshi bayan guga, sati biyu ban taɓa ba, na ciro naga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙugu da warin rima. Ya fita da ƙyar. Auduga da linin abincin fumfuna ne in akwai laima, don haka a bari su huce su bushe sarai kafin a rufe, kuma kada a barsu cikin ledar mai wanki. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, farar bata wuce sawa ɗaya. In zaka Jos a Disamba ko Janairu kuma ka bar su a gida ko ka haɗa da rigar sanyi, garin yana kan tudu sama da mita 1,200, da asuba linin bazai tare maka komai ba.

Akwai abinda ya tsaya min a rai ranar da muke hira da Alhajin ana gyaran wandon. Na duba lebul ɗin kayan shagon kaf babu ɗaya da aka yi a ƙasar nan. Yace lokacin yana yaro a Kwari yadin Kaduna suke sayarwa. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 aka buɗe ta a Kakuri cikin Kaduna zamanin Sardauna, ga masaƙar UNTL ga ta Arewa, audugar Funtua da Gusau da Malumfashi ita ake kaɗawa, yau kusan duk sun tsaya. Mu da muke da zafin kuma muke noma audugar, sai mun jira an ɗinko mana rigar shan iska daga wata ƙasa mun saya da kuɗin dala, har muna ƙona zare don mu tabbatar ba roba aka bamu ba. Abin da ciwo wallahi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, gwanjo ma hanya ce, a kasuwar Karmo ranar Talata ko Juma'a in kaje da wuri ana buɗe dila ana samun rigunan linin da auduga na gaske, kuma su sun riga sun gama tsukewarsu, sai dai ka duba kwala da hammata da kyau ka ɗaga wajen haske ko akwai inda ya sille. Wani kuma gara ya sayi yadin ya kai wa telansa, in ya yi haka ya jiƙa yadin a ruwa ya bushe kafin a yanka, ya kuma ce wa telan aljihu da shafin kwala kar a saka roba.

Shi shagon Alhajin zan koma, insha Allahu kafin zafi mai zuwa, masu haɗin 55 da 45 ɗin nan zan ƙaro uku, masu ƴan layuka wannan karon. In zaka je ka tafi da safe ranar aiki, Asabar da rana cunkoson Wuse da neman wurin fakin kaɗai ya isa ya gajiyar da kai, kuma kafin magariba ake tashi. Ka nemi dattijon da kansa ba yaron ba. Wando kuwa sai na juya cikinsa na ja hantsar da hannu biyu na taɓa aljihun kafin in fito da kuɗi.